Mutum Ɗaya Daga Kowane Gida

Kasam Mukadam bai iya zama a jirgin da ba ya tafiya ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi a teku, goma sha huɗu a cikinsu a jirgin nan Kundalika, kuma duk tsawon lokacin bai taɓa ganin jirgin ya wuce kwana tara a tasha ɗaya ba. A sauke atamfa, a ɗauki kanumfari da fatu, fasinjoji su hau, a busa ƙaho, sai Mombasa, sai Zanzibar, a juyo Bombay. Shi ne sarang, shugaban masu aikin saman jirgi, masu igiya da anga da fenti. Mutum arba'in da biyu ne a ƙarƙashinsa, dukansu daga bakin rafi ɗaya suka fito, tafiyar yini guda kudu da Bombay. Shi ya ɗebo su. Ya san uban kowa, ya kuma san waɗanda iyayensu mata suka rako har ƙofar gidansa suka ce masa ga amana nan.

A ƙarshen daminar da Turawa suka sake ɓarkewa da yaƙi, Kundalika ya shigo Bombay kamar kullum. Fasinjoji suka sauka, amma ba a kawo kayan lodi ba. Rana ta uku aka ja shi zuwa ma'aikatar gyaran jirage, aka ɗaure, sojan ruwa biyu suka tsaya a bakin tsani da bindigogi. Sai a lokacin mataimakin kyaftin ya kira Kasam ya gaya masa gwamnati ta karɓe jirgin, za ta mai da shi jirgin yaƙi.

"Wannan ɗin, Sahab?" in ji Kasam. "Ai ko kwalekwale ya goge shi sai gefensa ya lotsa."

"Igwa takwas za a ɗora masa."

"Mu fa?"

Baturen ya kalli takardun da ke gabansa. "Ba a ce komai ba tukuna. Ku ci gaba da aiki."

Wannan maganar ita suka yi ta ji har wata biyu.

Aiki kuwa akwai shi, sai dai duk na rushewa ne. Maƙera da kafintoci suka cika jirgin tun daga asuba, guduma na amsa guduma. Aka ɓamɓare katakon bangon ɗakin cin abincin manyan fasinjoji, wai katako abincin wuta ne. Aka naɗe dardumomi, aka cire madubai, aka yi waje da gadaje ɗari uku. Ɗaya daga cikin bututun hayaƙinsa biyu, wanda dama ado ne kawai, aka yanke shi aka ajiye a bakin tasha kamar kututture. Farin fentin da Kasam ya yi shekaru yana zagin mutane a kansa, shi aka sa ya rufe da ruwan toka. Azumi ya kama su ana cikin haka, ga zafin bayan damina, ƙarfen jirgi ba ya taɓuwa da rana.

Kasam ya kasa tsayawa wuri ɗaya. Daga goshin jirgi zuwa ƙarshensa yake zirga-zirga, ya duba igiyar da ya duba ɗazu, ya sa a kwance ƙulli a sake ɗaurawa. In ya zauna sai ƙafarsa ta yi ta rawa. Mutanensa suka koyi kauce masa.

Ranar da aka zo fitar da fiyano, babban akwatin kiɗan Turawa, ya tarar da Kaitan Furtado tsaye a bakin ƙofa da farar rigarsa, hannu a baya. Kaitan mutumin Gowa ne, Kirista, shugaban masu hidimar tebur, kuma shekara goma sha huɗu ke nan suna tsokanar juna.

"Yau wa za ka zuba wa miya, Kaitan? Beraye ma sun yi ƙaura."

"Kai dai ja igiyarka a hankali, Sarang. Abin nan ya fi duk ƙauyenku daraja."

"Da na san kana sonsa haka da na sa an kai maka gida. Matarka ta riƙa shanya kifi a kai."

Kaitan ya bi fiyanon da ido har injin ɗaga kaya ya dire shi a cikin ƙura, sannan ya ce, "An ce mu ma za su riƙe goma. Hafsoshi ko a yaƙi sai sun ci da cokali." Ya juyo. "Ku fa?"

"Ba a ce komai ba tukuna."

"Ka iya maganar Bature ke nan."

Igwoyin suka iso a kan jirgin ƙasa, shafe da man giris. Ishak ne ya fara goge gindin ɗaya da tsumma. Ishak ƙanin Kasam ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne mataimakinsa, kuma shi kaɗai ne a cikinsu ya iya Turanci fiye da na karɓar umarni. Ya karanta lambar da ke jikin ƙarfen, ya ƙirga da yatsu, ya yi dariya.

"Bhai, yayana, zo ka gaisa da sa'arka. Wannan igwar ta girme ni da shekara huɗu."

"Tana harbi dai?"

"Laftanar ya ce tana yi. Ya ce kakansa ma ya shaida."

Laftanar Hedli shi ne sabon hafsan da aka ɗora a kansu, dogo, mai jan wuya, ba shi da faɗa amma bai san ko kalma ɗaya ta bakinsu ba. Duk abin da zai faɗa wa Kasam sai ya bi ta bakin Ishak. Tun Kasam na tsayawa ana fassara masa, har ya lura wani lokacin Laftanar yakan gama magana da Ishak ya wuce, shi kuma ya ji labari daga baya.

A mako na uku na azumi manyan motoci suka fara zuwa da duro-duro na mai. Aka ce a shigar da su rumbunan kaya, a jera, a ɗaure. Mutum ɗaya yakan ɗauki duro da hannu ɗaya, don babu komai a ciki, kuma bakin kowanne a toshe yake da dalma. Yini huɗu suna jera su, dubu bisa dubu, inda da ake zuba buhuna. Gafur, babban ɗan wata gwauruwa da ake kira Sakinabi, wanda shi da ƙannensa biyu duk suna jirgin, ya ƙwanƙwasa ɗaya ya saurari amonsa.

"Sarang, wannan wane irin fatauci ne? Iskar Bombay za mu kai wa Jamusawa?"

Aka yi dariya. Kasam ya ce wa Ishak ya tambaya. Ishak ya je ya dawo, ba dariya a fuskarsa.

"Ya ce saboda in an huda jirgin."

"In an huda shi sai me?"

"Sai su riƙe shi a sama na ɗan lokaci. Kada ya nutse da sauri."

"Ɗan lokaci nawa?" in ji Gafur.

"Ban tambaya ba."

Aka ci gaba da aiki, amma ba wanda ya sake yin waƙar jan igiya a ranar. Da aka sha ruwa, dabino da shayi da shinkafa da busasshen kifi, mutane suka ci shiru, kowa na satar kallon Kasam. Shi kuwa ya ci loma uku ya tashi ya tafi duba anga, wadda ke kwance a wurinta tun wata guda.

Kwana biyu kafin salla maganar ta fito. Sojan ruwa ne za su riƙe igwoyi, amma ana son duk ma'aikacin da ya yarda ya zauna. Wanda ya dangwala yatsa ya shiga dokar soja, ba fita sai yaƙi ya ƙare. Wanda bai yarda ba ya tafi gida ba laifi. An ba su zuwa ƙarshen wata. Kasam ya tara su ya gaya musu, ya ce kowa ya yi tunani.

"Wane tunani?" in ji wani dattijo a cikinsu. "Inda ka sa yatsa nan za mu sa."

Abin da yake tsoron ji ke nan.

Ya tafi gida salla a jirgin gaɓa, ya bar Ishak da jirgi. Ƙauyen na nan yadda ya bar shi, itatuwan kwakwa da mangwaro, jar ƙasa, kwalekwale a kife a bakin rafi. Hawabi matarsa ta yi wainar shinkafa da madarar kwakwa. Tsohuwarsa, wadda idonta ya kusa tafiya, ta shafa fuskarsa ta ce ya rame, ta tambayi Ishak, ta sake tambaya bayan an jima kamar ba a ba ta amsa ba.

Bayan an sauko daga idi mata suka fara shigowa gaisuwa. Kowace shekara sukan gaisa su wuce. Bana suka zauna. Tsakar gida ta cika, ana ta zancen ruwan sama da tsadar kananzir, ba wadda ta tashi. Can Sakinabi ta gyara mayafi ta yi magana daga bayan ginshiƙi.

"Kasam Bhai, an ce an kafa bindiga a inda yarana suke shanya wanki."

"An kafa."

"An ce babba ce."

"Babba ce. Ai gara a ce kana da ita."

"Su wa za ta harba?"

"Sojoji ne masu harbin. Namu igiya ce da fenti, kamar da."

"Wanda za a harba ɗin, shi ya san yarana masu fenti ne?"

Ba wadda ta yi dariya. Kasam ya ce Allah ne mai tsarewa, matan suka ce haka ne, suka ci gaba da zama.

Kwana huɗu ya yi niyyar yi. Ya zaga gonar mangwaro sau biyu, ya je bakin rafi ya gyara wa wani ƙullin da ba a roƙe shi ba, ya dawo ya hau rufin ɗaki yana neman inda ke yoyo. Duk inda ya bi sai ya haɗu da uwar wani ko matar wani. Hawabi, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba, ta tsaya da tsintsiya tana kallonsa yana kai da komo a baranda.

"Ka ji, in daɓen nan ya ƙare kai za ka sake shi."

"Iska nake sha."

"Iskar ma ta gaji. In tafiya za ka yi ka tafi, jirgin safe na nan."

Ya bi jirgin safen, kwana ɗaya kafin lokaci.

Mako guda da komawarsa Kaitan ya same shi a bayan ɗakin girki da jarida a naɗe. Ba tsokana a bakinsa. Ya ce wani jirgi irin nasu, na fasinja da kaya da aka ɗora wa igwa, ya gamu da manyan jiragen yaƙin Jamus biyu a tekun sanyi, can arewa da Ingila. Kasam ya san jirgin, sun sha ɗaurewa kusa da juna a Adan.

"Ya yi faɗa?"

"Ya yi. Jarida ta ce ya yi jarumta."

"Har tsawon wane lokaci?"

"Bai kai awa ɗaya ba. Mutum kusan ɗari uku. Waɗanda aka tsamo ba su da yawa."

"Shi ma da duro a cikinsa?"

"Ina zan sani, Sarang? Ni miya nake zubawa."

Kasam ya hau saman jirgi ya zauna a kan murfin rumbu, karo na farko da ya zauna da rana cikin makonni. Ya fara lissafa mutanensa, ba da suna ba, da gidaje. Gidan Sakinabi uku. Gidan limami biyu. Gidan masu saƙar taru, uba da ɗa da suruki. Ya bi layin ƙauyen a ransa tun daga masallaci har bakin rafi. Mutum arba'in da biyu, gida ashirin da uku. Awa ɗaya ta isa a rufe ƙofofin layin nan gaba ɗaya.

Bayan la'asar ya tara su a goshin jirgi, ƙarƙashin bakin igwa.

"Kun ce inda na sa yatsa nan za ku sa. To ga abin da na yanke. Mutum ɗaya daga kowane gida. Ku zaɓa a tsakaninku. Sauran su koma."

Surutu ya tashi. Wani ya ce in ya koma me zai ci, ƙasar gidansu ko akuya ba ta ƙoshi a kai. Wani ya ce shi da ɗan'uwansa sun raba tukunya tun bara, don haka gida biyu ne. Kasam ya ce ƙofa ɗaya suke shiga, gida ɗaya ne. Ya tsaya a kan bakansa, ya amsa wa kowa, har hayaniyar ta fara kwanciya. Sai Gafur, wanda bai ce komai ba tun farko, ya ɗaga kai.

"Mun ji, Sarang. Gidan Mukadam fa? Kai ne ko Ishak?"

Wallahi Kasam bai kawo wannan a ransa ba. Ya ƙirga kowane gida a layin, ya tsallake nasa.

"Ni sarang ne. Ba na cikin lissafi."

"Ashe," in ji Gafur. "Ammi dai, tsohuwarku, tana cikin lissafi, ko ita ma sarang ce?"

Wasu suka sunkuyar da kai. Ishak na jingine da ƙarfe. Kasam ya sallami taron.

A ɗakin ajiyar igiyoyi suka yi ta, su biyu, ƙofa a rufe.

"Gobe ka haɗa kayanka," in ji Kasam.

"Ba inda za ni, Bhai."

"Ni na kawo mutanen nan. Ni iyayensu suka ba."

"Ka kawo su jirgin fasinja. Wannan wani jirgi ne. Laftanar in ya yi magana, wa ke ji?"

"Sai ya nemi tafinta."

"Ana harbi zai nemi tafinta?" Ishak ya sassauta murya. "Shekara goma sha takwas ina bayanka. Ban taɓa cewa ka matsa ba. Yau ma ba don kujerarka nake faɗa ba."

"To don me?"

"Gwiwarka. Jiya ina kallonka a tsani, sai da ka huta sau biyu."

"Gwiwata ta fi bakinka lafiya."

Suka rabu a haka. Kwana uku ba su yi wa juna magana ba sai ta aiki.

Ana saura kwana biyu a dangwala yatsa aka fita da jirgin gwajin igwa, can bayan fitilar bakin tasha. Jin ƙarfe na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa ya sa Kasam ya ji kamar an cire masa ƙaya. Iska ta buɗe, ruwa ya koma shuɗi. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya ce a ransa ba mai raba shi da wurin nan.

Aka busa begila. Sojoji suka ruga wurarensu. Igwar farko ta tashi, jirgin gaba ɗaya ya girgiza, tsatsa da busasshen fenti suka zubo kamar ruwa, kwanuka suka tarwatse a ɗakin Kaitan. Kunnen Kasam ya toshe. Ta biyu ta tashi, ta uku, sai wutar bakinta ta lashi rumfar tamfol da aka manta ba a naɗe ba, kusa da kwalekwalen ceto. Nan take ta kama.

Kasam ya yi ihu a kawo ruwa, bai ma ji muryar kansa ba. Ya ruga inda mesar kashe gobara take rataye shekara goma sha huɗu, bayan tsani na biyu. Ya tarar da akwatin harsasai an yi masa walda a wurin. Ya tsaya yana shafa ƙarfen, ya juya hagu, ya juya dama. Wani soja ya bangaje shi ya wuce yana faɗin abin da bai gane ba. Kafin ya gano inda aka mai da mesar, Ishak da Gafur da mutum huɗu sun riga sun ja ta daga ɗaya gefen, ruwa na zuba, tamfol ɗin ya zama baƙin tsumma mai hayaƙi. Duka abin bai kai minti uku ba. Laftanar ya daki kafaɗar Ishak ya wuce. Ba wanda ya lura da inda Kasam ya tsaya, ko kuma sun yi kamar ba su lura ba.

Da yamma, jirgi na komawa tasha, ya sami ƙaninsa yana naɗe mesar.

"Yaushe aka mai da ita can?"

"Kana gida. Na gaya maka, Bhai."

Mai yiwuwa ya gaya masa. Kasam ya kama ɗaya bakin mesar ya taya shi naɗi. Da suka gama ya ce, "Gafur ka sa shi mataimakinka. Bakinsa ba linzami, amma hannunsa na da kyau. Kada ka bar su su sha ruwan tankin baya, tsatsa gare shi."

Ishak ya ce to.

Ranar dangwale mutum ashirin da uku suka shiga layi. Kasam ya tsaya a gefe yana kiran sunayen gidaje, har aka gama. Kaitan ya rako shi bakin tsani da ƙunshin burodi.

"Wa zan riƙa zagi yanzu?"

"Ga Turawa nan cike da jirgi."

"Su ba sa ramawa da daɗi."

Ya koma ƙauye da mutum goma sha tara. Sakinabi ta karɓi 'ya'yanta biyu, ta aiko masa da kaza. Tsohuwarsa ta shafa fuskarsa ta tambayi Ishak.

Mako biyar ya yi. Ya sake rufin ɗaki, ya yi wa rijiya baki, ya sare reshen mangwaron da bai yi wa kowa laifi ba. Kullum da hantsi waɗanda ya dawo da su sukan zo su zauna a barandarsa, su sha shayi, su kalli rafi. Ba su iya noma ba, kamun kifin ma na masu shi ne. Nuru, autan Sakinabi, ya fara zuwa shi ma, yana zama a kan matakala.

"Sarang, an ce ana neman mutane a Bombay. Jiragen kaya."

"Na ji."

"An ce ba mai tambayar gidan da ka fito."

"Tashi ka ba ni wuri."

Amma maganar ta zauna masa. Da ya tabbata za su tafi ko da shi ko ba shi, kuma in ba shi za su watsu a hannun sarang-sarang da ba su san iyayensu ba, sai ya daina yi wa kansa gardama. Ya kuma san ba wannan ne kaɗai dalilin ba. Hawabi ta sani ita ma. Ta wanke masa kaya tun kafin ya buɗe baki.

Wani tsohon jirgin dakon kwal ya samu, mai tafiya kamar jaki da kaya, ba shi da ko bindigar harbin tsuntsu. Mutum goma sha ɗaya suka bi shi, har da Nuru.

Bayan wata bakwai suka shiga Adan, inda ake tara jiragen kaya su tafi ayari guda da rakiya. Da hantsi Kasam na bisa murfin rumbu ya hangi mai rakiyar ya shigo, ruwan toka, bututu ɗaya. Ko an yi masa fenti da kwalta zai gane wannan goshin. Kafin azahar kwalekwale ya taso daga can, Ishak a ciki, da kakin soja da bai zauna masa ba.

Ya hau tsani, ya dubi ƙurar kwal, ya dubi fuskokin da ya sani suna yi masa murmushi. Ya dubi Nuru ya daɗe.

"Mutum ɗaya daga kowane gida," in ji shi.

"A jirgi ɗaya na ce."

"Ba haka ka ce ba, Bhai."

"Haka nake nufi."

"Ammi fa?"

"Hawabi na wurinta. Ammi ta ce in na gan ka in ce ka rame."

Ishak ya girgiza kai, ya zauna a kan murfin. Aka kawo shinkafa da miyar wake, suka ci daga kwano ɗaya. Ya ce wata bakwai suna sintiri daga nan zuwa can, ba su ga ko inuwar abokin gaba ba, sai tsayar da jiragen 'yan kasuwa ana duba takardu. Gafur ya koyi zagi da Turanci. Kaitan ya ce a gaya wa Sarang miya ta lalace tun da ba mai kushe ta.

"Ku ne a tsakiyar ayari ko a gefe?" Ishak ya tambaya.

"A baya. Ba ma iya sauri."

"Ka gaya wa kyaftin ɗinku ya matso kusa da mu."

"Kyaftin ba ya shawara da ni. Ci abinci."

Washegari ayarin ya tashi, jirgi goma sha tara, Kundalika a gaba, su Kasam a can ƙarshe cikin hayaƙin kowa. Suka isa lafiya a wannan karon.

Kundalika bai taɓa harba igwarsa kan abokin gaba ba. Bayan shekara uku aka sauke igwoyin aka mai da shi jirgin dakon sojoji, kuma mutum ashirin da ukun nan duk sun koma gida, in ban da dattijo ɗaya da zazzaɓi ya kashe a Kolambo. Jirgin kwal ɗin kuwa an nutsar da shi a shekara ta uku, da rana tsaka, kwana biyu daga Mombasa. Kasam ya fita da mutum bakwai a kwalekwale. Huɗu ba su fito ba, Nuru na cikinsu.

Da ya koma ƙauye, gidan Sakinabi ya fara zuwa, tun bai ajiye jakarsa ba. Ya tsaya a ƙofa ya faɗa mata yadda abin ya faru, bai rage komai ba. Ta saurara har ƙarshe. Ta tambaye shi ko yaron ya ci abinci a ranar, ya ce ya ci. Ta ce to, ya je gida, tsohuwarsa na jira.